Ƙarfe Da Ruwan Wankin Ciwo: Abin Da Ke Ƙarƙashin Kumfar Nan

Duk kantin sayar da magani da mutum ya shiga a Gusau, ko Tsafe, ko Bungudu, da wuya ya rasa wata 'yar kwalba ta ruwan wankin ciwo wanda jama'a suka fi sani da suna haidurojin. Manomin da fartanya ta sare shi a gona, da ɗan kabu-kabun da ya faɗi ya goge gwiwa, da yaron da ya taka ƙusa, duk shi ake fara nema musu. Da an zuba shi a ciwo sai ya tashi da farar kumfa yana tsuwa, masu kallo kuwa su ce ai ga shi nan yana cinye datti. Mutane da yawa sun ɗauka yawan kumfa shi ne alamar ƙarfin magani, saboda haka sai su yi ta zuba shi safe da yamma har tsawon mako guda, sa'an nan su yi mamakin yadda ciwon ya ƙi rufewa.

Cikakken sunan wannan ruwa haidurojin faroksaid, kuma wani masani ɗan ƙasar Faransa mai suna Louis Thénard ne ya gano shi a shekarar 1818. Shi kaɗai a cikin kwalba ba shi da wani zafin nama. Amma da zarar ya gamu da ƙarfe narkakke, ko da ɗan ƙanƙane ne, sai ya haifi wani abu wanda masana ke lissafa shi cikin mafi ɓarna a duk sinadaran da ke iya wanzuwa cikin ruwa. Tun da yake akwai ƙarfe a cikin jininmu, da ruwan rijiyoyinmu, da jar ƙasar da muke takawa, da ƙwayar ƙarin jini da ake ba mata masu juna biyu, ya kamata mai karatu ya san yadda wannan gamo yake faruwa, da inda yake amfani, da inda yake cutarwa.

Asalin labarin

A shekarar 1876 wani ɗalibi a Jami'ar Kambirij ta Ingila, mai suna Henry Fenton, ya lura da wani abin mamaki. Ya haɗa sinadarin tartarik, watau irin sinadarin nan da ke sa tsamiya tsami, da ɗan gishirin ƙarfe da haidurojin faroksaid, sa'an nan ya ƙara wani sinadari mai kaifi irin na ruwan toka, sai ruwan ya rikiɗe ya zama shunayya. In babu ƙarfen, ba abin da ke faruwa. Ya ci gaba da bin diddigin al'amarin har ya buga cikakken bayaninsa a shekarar 1894, kuma tun daga nan ake kiran wannan haɗi da sunansa. Fenton ya rasu a 1929 ba tare da an fahimci ainihin abin da ƙarfen yake yi ba. Sai a shekarun 1932 da 1934 wasu masana biyu, Fritz Haber da Joseph Weiss, suka fito da bayanin da ake koyarwa a makarantu har yau.

Yadda abin yake gudana

Kowane abu a duniya an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atam, kowane atam kuwa yana da waɗansu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki da ke kewaye shi, sunansu ilakturon. Ɗabi'ar ilakturon ita ce zama biyu-biyu. Sinadarin da duk ilakturon ɗinsa ke da abokan zama yakan kasance a natse. Wanda kuwa yake da guda ɗaya tilo, ba abokin zama, sai mu kira shi gwauro, domin ba ya samun sukuni sai ya ƙwato na wani.

Ruwan sha, watau H₂O, atam biyu ne na haidurojin da ɗaya na oksijin. Haidurojin faroksaid kuwa, H₂O₂, yana da oksijin biyu riƙe da juna a tsakiya, kuma wannan riƙo ba shi da ƙwari. Shi kuma ƙarfe idan ya narke a ruwa yakan zo a fuska biyu: mai caji biyu, Fe²⁺, da mai caji uku, Fe³⁺. Bambancinsu ilakturon guda ne tak. Duk wanda ya taɓa ɗiban ruwan wata rijiyar burtsatse ya gan shi garau, amma bayan ya kwana a bokiti ya tarar ya yi ja-ja da laka a ƙasa, to ya ga wannan canji da idonsa: mai caji biyu ne ya sha iska ya koma mai caji uku. Shi ne kuma launin tsatsa da na marmara.

Mataki na farko, ƙarfe mai caji biyu yakan miƙa wa haidurojin faroksaid ilakturon guda. Nan take riƙon da ke tsakanin oksijin biyun ya tsinke, sinadarin ya rabe gida biyu. Rabin da ya sami ilakturon ɗin ya zama OH⁻, wanda yake a natse. Ɗaya rabin ya tashi a gwauro, ana rubuta shi •OH, ana kiransa haidiroksil. Ga yadda masana ke taƙaita shi:

Fe²⁺ + H₂O₂ → Fe³⁺ + OH⁻ + •OH

Mataki na biyu shi ne aikin gwauron. Ba ya zaɓe, ba ya jira. Abin da ya fara cin karo da shi, ko rini ne, ko kitse, ko zaren auduga, ko sinadarin gado na cikin ƙwayar halitta, sai ya fizge masa atam guda na haidurojin ya koma ruwa abinsa. Wanda aka yi wa fizgen kuwa shi ma ya zama gwauro, ya kama oksijin na iska, ya far wa na kusa da shi, haka ɓarnar za ta yi ta yaɗuwa kamar wutar daji a lokacin hunturu. A cikin jikin mai rai, tsawon ran haidiroksil bai wuce kamar kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa ba, saboda haka inda aka haife shi nan yake ɓarna. Idan aka auna ƙarfin ƙwace ilakturon, nasa ya kai bolt 2.8, alhali na kulorin da ake tsabtace ruwan famfo da shi bai wuce 1.36 ba.

Mataki na uku shi ne ya sa ɗan ƙarfe kaɗan yake isa. Ƙarfen da ya koma mai caji uku yakan sake gamuwa da wani haidurojin faroksaid, ya karɓi ilakturon daga gare shi, ya dawo mai caji biyu, a shirye ya sake haifar wani gwauron:

Fe³⁺ + H₂O₂ → Fe²⁺ + HO₂• + H⁺

Watau ƙarfen ba ya ƙarewa, dillali ne kurum, yana karɓa yana miƙawa. Sai dai wannan dawowa ta fi matakin farko nawa sau dubbai. Shi ya sa idan aka haɗa sinadaran a ɗakin gwaji, aikin yakan fara da gaggawa a 'yan mintocin farko, sa'an nan ya lafa.

Akwai sharuɗɗa biyu da suka rage. Na ɗaya, abin ya fi tafiya daidai a ruwa mai tsami, wajen lamba 3 a ma'aunin pH, kusa da tsamin ruwan tsamiya. Idan tsamin ya ragu, ƙarfe mai caji uku sai ya dunƙule ya kwanta a ƙasa, aiki ya tsaya. Na biyu, tilas a yi awo. In ƙarfe ya yi yawa, gwauron zai koma ya cinye shi. In faroksaid ne ya yi yawa, shi zai ci. Ta kowace fuska an yi asarar kaya.

Har ila yau masana ba su gama muhawara a kan wannan mataki na farko ba. Tun a 1932 waɗansu Amurkawa biyu, Bray da Gorin, suka ce abin da ake haifa wani nau'in ƙarfe ne mai caji huɗu riƙe da oksijin. An shafe shekaru da dama ana ja-in-ja. A 2012 wani bincike da aka yi a Ames ta Jihar Iowa ya nuna cewa a ruwa mai tsami haidiroksil ne ke aiki, amma idan ruwan ya zama tsaka-tsaki sai ƙarfe mai caji huɗu ya karɓi ragama. Ke nan kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar.

To, mece ce kumfar?

Kumfar da ake gani a ciwo aikin wani abu ne dabam, ko da yake shi ma ƙarfe ne a zuciyarsa. Jiki da kansa yana samar da haidurojin faroksaid kullum, har ma fararen ƙwayoyin jini suna yin sa da gangan don yaƙar ƙwayoyin cuta. Domin kada ya taru, akwai wani sinadari mai suna katalas a jini da hanta da sauran nama. Kowane katalas yana da atam huɗu na ƙarfe a tsare cikin wani keji, kuma aikinsa shi ne ya farfasa faroksaid ya zama ruwa da iskar oksijin ba tare da ya saki gwauro ba. Katalas guda yana iya farfasa miliyoyi a daƙiƙa ɗaya. Iskar oksijin ɗin ita ce kumfar.

Ɗalibi na iya tabbatar da haka da kansa. Ya sayi 'yar hanta ɗanya wurin mahauta, ya ɗiga mata haidurojin na kanti, zai ga kumfa ta tashi fiye da ta ciwo, alhali hantar lafiyarta lau. Ya dafa wata ya ɗiga mata, ba zai ga kome ba, domin zafi ya lalata katalas. Kumfa dai shaida ce cewa ruwan ya taɓa jini ko nama. Ba ta nuna an kashe cuta. Hasali ma waɗansu ƙwayoyin cutar da ke sa ciwo ruɓewa suna da nasu katalas ɗin da suke kare kansu da shi.

Abin da katalas bai kai ga farfasawa ba kuwa yakan shiga cikin ƙwayoyin nama, ya tarar da ɗan ƙarfen da ke sake, haɗin Fenton ya tashi. A 1988 Imlay da Chin da Linn na Jami'ar Kalifoniya suka nuna cewa ta wannan hanya ce faroksaid ke tsinka sinadarin gado na ƙwayoyin cuta ya kashe su. Amma gwauro bai san ƙwayar cuta ba, bai san sabuwar tsokar da ke tsirowa don rufe ciwo ba. Na kanti kashi 3 ne ko 6 cikin ɗari, kuma wannan ya isa ya kashe sabbin ƙwayoyin fata. Saboda haka likitoci a yau ba su goyon bayan a yi ta zuba shi a ciwo kullum. Shawararsu ita ce a wanke ciwo da ruwa mai tsabta da yawa, a wanke kewayensa da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta, idan mai zurfi ne a tafi asibiti. Wanda ya taka ƙusa kuma ya sani cewa haidurojin ba ya hana cutar sarƙe-haƙora, wadda ake kira tetanas. Ƙwayarta a ƙasa da kashin dabbobi take, kuma allurar riga-kafi ce maganinta.

Ƙarfen da ke cikin jini

Jikin babban mutum yana ɗauke da ƙarfe giram 3 zuwa 4, kamar nauyin ƙaramar ƙusa, kuma wajen kashi biyu cikin uku yana cikin jajayen ƙwayoyin jini. Jiki ba ya barin ƙarfe ya yi yawo sakaka. Akwai sinadarin da ke ɗaukarsa a jini, bibbiyu, sunansa taransiferin. Akwai kuma rumbun ajiyarsa, feritin, wanda guda ɗaya ke iya ɓoye atam har 4,500. Duk wannan tsaro domin kada ƙarfe ya gamu da faroksaid ne.

Wahala takan zo idan rumbu ya cika. Jiki ba shi da hanyar fitar da ƙarfen da ya yi yawa, abin da yake zubarwa a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Leda guda ta jini kuwa tana ɗauke da miligiram 200 zuwa 250. Ga masu ciwon amosanin jini, watau sikila, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar kimanin 150,000 a Nijeriya kowace shekara, wannan magana ce mai nauyi. Wanda ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, ƙarfe na taruwa a hantarsa da zuciyarsa, haɗin Fenton na cin su a hankali. Akwai magungunan da ke kama ƙarfen su fitar da shi, kuma akwai gwajin feritin da ke nuna yawansa. Ya kamata iyayen irin waɗannan yara su tambayi likita game da gwajin, kuma kada su saya musu maganin ƙarin jini a kanti ba da izninsa ba.

Haka kuma ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu a wurin awo. Ga uwa, alheri ce babba, kuma lalle ta sha ta kamar yadda aka umurce ta. Amma ƙwaya guda ta feras salfet mai miligiram 200 tana da ƙarfe zalla kamar miligiram 65, kuma likitoci na ɗaukar miligiram 60 a kowane kilo na nauyin jiki a matsayin guba mai tsanani. Yaro mai kilo 10 da ya haɗiye guda goma, yana zaton alewa ce saboda launinta, ya riga ya haye wannan iyaka. Wurin ajiyarta sama ne, inda hannun yaro ba ya kai. In kuwa ya sha, a garzaya asibiti ko da ya ga kamar ya warware bayan amai, domin ɓarnar hanta daga baya take bayyana.

Inda masana suka mai da ɓarna ta zama magani

Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake sha a yau, wanda Nijeriya ta koma kansa a 2005 bayan kulorokwin ya gaza, tushensa atimisinin ne. Wata masaniya 'yar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta ne suka tace shi a 1972 daga wata ciyawa dangin tazargade, aka kuma ba ta lambar Nobel a 2015. A jikin atimisinin akwai oksijin biyu riƙe da juna, daidai irin na haidurojin faroksaid. Ƙwayar zazzaɓi kuwa a cikin jan jini take zaune tana cinsa, saboda haka cikinta cike yake da ƙarfe. Da maganin ya shiga, ƙarfen ya tsinka riƙon, gwauraye su tashi a cikin cikinta su hallaka ta. Abincinta ne ke kunna abin da zai kashe ta.

Auduga da rini da kogi

Gusau garin auduga ne tun bayan da jirgin ƙasa ya iso daga Zariya ta Funtuwa da Tsafe a ƙarshen shekarun 1920, har aka kafa masaƙa a garin a shekarun 1960, kafin ta durƙushe kamar takwarorinta na Kaduna da Kano. A masaƙun duniya, haidurojin faroksaid ne babban abin da ake faranta auduga da shi kafin rini. Ma'aikatan wannan sashe sun san abokin gabarsu: ɗan ɓurɓushin tsatsa daga bututu, ko ƙarfen cikin ruwa. Inda ya manne a yadi, nan gwauraye ke taruwa su cinye zaren, a wayi gari da 'yan huji-huji a sabon yadi. Don haka ake tace ruwan, ake kuma zuba sinadaran da ke ɗaure ƙarfe. Duk mai shirin farfaɗo da masaƙa a Zamfara sai ya fara auna ƙarfen ruwan da zai yi aiki da shi.

Amma a ƙofar fitar da ruwan datti, wannan abokin gaba shi ne ake gayyata. Rinin zamani an yi shi ne don kada rana ko sabulu su kashe shi, saboda haka idan ya shiga kogi yakan daɗe. Mutanen Kano sun ga haka a kogin Chalawa, inda ruwan masaƙu da majemun Sharaɗa da Chalawa ya daɗe yana kwarara. A ƙasashe da dama ana tara irin wannan ruwa a tanki, a tsamama shi zuwa lamba 3, a zuba feras salfet, a bi shi da faroksaid a hankali. Gwauraye su farfasa rinin, launi ya ɓace, sa'an nan a zuba farar ƙasa ko soda don kashe tsamin, ƙarfe ya kwanta, a tace. Ba ya bukatar injuna masu tsada ko zafi mai yawa. Nakasunsa su ne kuɗin sinadarai da jar lakar da ke saura, wadda tilas a nemi inda za a binne ta. Faroksaid na masana'antu kuwa, mai kashi 30 zuwa 50, yana ƙona fata, kuma haɗa shi da ƙarfe ba awo yana iya sa tanki ya tafasa ya yi ambaliya. Aikin ƙwararru ne.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin kogin Sakkwato da ya taso daga wajen Funtuwa ta Gusau yake bi, inda aka datse shi don ruwan shan gari, ya wuce Bungudu, ya zuba a madatsar Bakolori da aka gama a 1978. Abin da marini ko makanike ko asibiti ya zubar a kwata a Gusau, mai noman rani a Bungudu ne zai yi ban-ruwa da shi.

Abin da ya rage gare mu

Ga ma'aikatan lafiya da masu kantin magani, su ne bakin da jama'a ke ji. In mai saye ya nemi haidurojin, a gaya masa iyakar amfaninsa. In an ba mai ciki ƙwayar ƙarin jini, a haɗa mata da gargaɗin ajiya. Kwalejin koyon aikin lafiya da ke Tsafe tana yaye waɗanda za su zauna a ƙananan asibitocin ƙauyuka, kuma wannan darasi bai fi na awa guda ba.

Ga hukumomin ruwa da na kula da muhalli, lokacin tsara yadda za a tace ruwan masana'anta shi ne kafin a ba da iznin gini, domin gyaran kogin da ya riga ya gurɓace ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ga ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da na Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke garin, ga tambayoyi nan a ƙofar gida masu jiran amsa. Nawa ne ƙarfen da ke cikin ruwan rijiyoyin Tsafe da Bungudu? Marmarar da muke da ita a yalwace za ta iya maye gurbin gishirin ƙarfen da ake saye, wajen tace ruwan marina? Fenton yana ɗalibi ya fara nasa binciken, kuma kayan da ya yi aiki da su, gishirin ƙarfe da faroksaid da sinadarin tsamiya, duk ana samun irinsu a Gusau.